Sisin gwal: Abin da ya kamata ku sani game da zinaren Ingila da hotunan da ke jikinsa

A ƙofar wani gida da ke kusa da Ƙofar Wunti a Bauchi an shimfiɗa tabarmi, an raba goro da alawa, liman ya gama huɗuba. Sai sanƙira ya ɗaga murya ya shaida wa jama'a cewa an ɗaura aure a kan sadaki sisin gwal biyu, lakadan ba ajalan ba. Aka shafa fatiha. Waliyyin amarya ya karɓi ɗan ƙunshi ya zura a aljihu, jama'a suka watse.

Da yamma ƙunshin ya isa cikin gida. Goggon amarya ta kwance shi a kan cinyarta, ta ɗauki ɗaya ta kai kusa da ido. A fuska ɗaya ga kan wani Bature mai gemu, a ɗaya fuskar ga mahayi a kan doki yana tattake wata halitta mai fikafikai. Ta ce, "Mai doki ne, mai kyau ne," ta mayar ta ƙulle.

Iyakar sanin yawancinmu ke nan game da wannan kuɗi: mai doki ne. Amma abin da ke cikin ƙunshin dukiyar mace ce, kuma duk abin da aka zana a jikinsa yana da ma'ana. Wanda ya iya karanta zanen zai san tarihin da ya kawo kuɗin hannunsa, zai kuma yi wuyar cuta a kasuwa.

Mene ne sisin gwal?

Sisi tsohon kuɗin zamanin Turawa ne, kwabo shida, rabin sule. Dattawa har yanzu suna iya jero su: anini, ɗari, kwabo, taro, sisi, sule, dala, fam. Gwal kuwa zinariya ce.

Uban duk wani sisin gwal mai doki shi ne fam ɗin zinariya na Ingila, wanda suke kira sobarin, wato mai mulki. Nauyinsa giram 7.99, faɗinsa milimita 22.05. Karat 22 ne, ma'ana in aka raba shi kashi 12, kashi 11 zinariya ce, kashi ɗaya jan ƙarfe ne da aka gauraya don ya yi ƙwari, domin tsantsar zinariya tana da taushi, ba ta jure yawo daga hannu zuwa hannu. Saboda haka tsantsar zinariyar da ke cikin sobarin ɗaya giram 7.32 ce. Wannan awo shi ne tun shekarar 1817 har yau.

Yana da ƙane, rabin sobarin, mai nauyin giram 3.99. Faɗinsa kusan daidai yake da na sisin azurfa, har wannan kamanni ya taɓa jawo rigima a Ingila. A 1887 an fitar da sabon sisi mai zanen garkuwa irin na rabin sobarin. 'Yan damfara suka riƙa shafa masa ruwan zinariya suna miƙa shi a matsayin sule goma. Tilas hukuma ta sauya zanen a cikin shekarar. Ke nan tun a can gidansu sisi da gwal sun daɗe da zama 'yan kama.

Wane ne mahayin dokin?

Sunansa Waliyyi Joji. A wurin Kiristoci soja ne na daular Rumawa da aka kashe saboda addininsa wajen shekara ta 303, kuma ana danganta kabarinsa da garin Ludd a ƙasar Falasɗinu. Daga baya aka ƙulla masa labarin cewa ya kashe wani dodo da ya addabi wani gari. Mutanen Ingila suka ɗauke shi waliyyin ƙasarsu, kuma jan gicciyen da ke kan tutar Ingila nasa ne.

Wanda ya sassaƙa hoton ɗan Italiya ne, Benedetto Pistrucci, gwanin sassaƙa duwatsu masu daraja. In kuka duba ƙasan dokin ta hannun dama za ku ga ƙananan haruffa biyu, B.P., su ne farkon sunansa. An fara buga zanen a 1817, shekara biyu bayan Ingila da ƙawayenta sun gama da Nafoliyon na Faransa. Sarkin lokacin sunansa Joji na Uku, ɗansa da ke riƙe masa mulki shi ma Joji ne. Saƙon a fili yake: Joji ya yi nasara, dodo yana ƙasa.

Mutumin Bauchi da ya saba ganin hawan sallah zai lura da abin da wani ba zai lura ba. Mahayin nan ba shi da sirdi, ba shi da likkafa, balle lifidi ko sulke. Daga kwalkwali sai mayafi da iska ke kaɗawa a bayansa. Pistrucci ya bi salon masu sassaƙa na tsohuwar Girka ne, waɗanda ke nuna jarumi da ƙirar jikinsa. A bugun farko guntun mashi ne a hannunsa, sauran ya karye a ƙasa. Daga 1821 aka mayar da shi gajeren takobi, shi ne kuma ake gani a mafi yawan waɗanda ke yawo a hannun mutane. Dokin ya ɗaga ƙafafun gaba, dodon ya faɗi ya juyo da kai yana neman sara. Duk wannan a fili da bai wuce faɗin babbar yatsa ba.

Akwai sobarin na gaskiya da ba shi da doki. Daga 1825 zuwa 1870 garkuwar gidan sarauta ce a bayansa, da kambi a samanta. Dokin ya dawo a 1871, aka ci gaba da buga iri biyun tare har 1887. Don haka rashin doki kaɗai ba ya nuna jabu.

Kan wane ne a ɗaya fuskar?

Kan mai mulkin lokacin ne, kuma da shi ake gane zamanin kuɗin. Sarauniya Biktoriya ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, kuma kanta iri uku ne a sobarin: tana budurwa da gashi a ɗaure ta baya, sannan da ɗan ƙaramin kambi daga 1887, sai kuma tana tsohuwa da lulluɓi daga 1893. Bayanta sai ɗanta Edwad na Bakwai, mai sanƙo da gemu, daga 1902 zuwa 1910. A 1902 ɗin nan da aka fara buga kansa, a ita ce sojojin Ingila suka shigo Bauchi, kafin Kano da Sakkwato su biyo baya a 1903. Sai Joji na Biyar, mai gemu da gashin baki, daga 1911 zuwa 1932. Sai Elizabet ta Biyu daga 1957, sai ɗanta Cals na Uku daga 2022.

Suna da wata al'ada: kowane sabon sarki yana juya baya ga inda wanda ya gada ya duba. Biktoriya hagu take kallo, Edwad na Bakwai dama, Joji na Biyar hagu, Elizabet dama, Cals hagu. Edwad na Takwas, wanda ya hau a 1936 ya sauka a shekarar, ya so karya al'adar ya dubi hagu kamar Joji na Biyar da ya gada. Ya yi murabus kafin kuɗinsa ya fita, 'yan ƙwayoyin gwaji kawai suka rage. An sayar da ɗaya daga cikinsu fam miliyan ɗaya a 2020.

Rubutun da ya kewaye kan da harshen Latin ne, a gajarce. D.G. ko DEI GRA yana nufin "da yardar Allah". REX sarki ne, REGINA sarauniya. F.D. ko FID DEF yana nufin "mai kare addini", wato addininsu. IND IMP, wanda ya shigo a 1893, yana nufin mai sarautar Indiya.

Akwai kuma harafi ɗaya da sai an sa ido sosai. A kan ƙasar da dokin ke takawa, daidai saman shekara, wani lokaci za ku ga S, ko M, ko P, ko C, ko I, ko SA. Alamar garin da aka buga kuɗin ce: Sidni, Malbon da Perth a Ostireliya, Otawa a Kanada, Bombai a Indiya, Piritoriya a Afirka ta Kudu. Wanda ba shi da harafi bugun Ingila ne. Dalilin mafi yawan rassan shi ne a can ake haƙo zinariyar, ya fi sauƙi a buga ta a kusa da rami.

Kalmar shahada a kuɗin wani sarkin Ingila

Tarihin zinaren Ingila ya girmi mai doki da shekaru fiye da dubu, kuma ɗaya daga cikin mafi tsufa zai ba Musulmi mamaki. A gidan adana kayan tarihi na Birtaniya da ke Landan akwai dinari da aka buga da sunan Offa, wanda ya mulki yankin Marsiya a tsakiyar Ingila daga 757 zuwa 796. Rubutun jikinsa Larabci ne, ga kalmar shahada, ga shekara ta 157 bayan Hijira. A tsakanin layukan an cusa OFFA REX da haruffan boko.

An kwafo shi ne daga dinarin Halifa Mansur na Abbasiyawa, wanda ya gina Bagadaza. Maƙerin bai iya Larabci ba: ya yi kurakurai a haruffa, ya kuma sa sunan sarkinsa a kife, sama a ƙasa, idan aka daidaita shi da Larabcin. Wannan ya sa masana ba su ɗauke shi hujjar cewa Offa ya musulunta ba. Abin da yake nunawa shi ne martabar dinarin Musulunci a lokacin. Tun da Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya cire hotuna daga kuɗi a shekara ta 77 bayan Hijira ya bar rubutu zalla, dinari ya zama zinariyar da fatake suka amince da ita a gaɓar Bahar Rum. Wanda ke son a karɓi zinarensa sai ya kwaikwayi wanda aka sani. A riƙe wannan, domin daga baya reshe ya juye: maƙeran ƙasashen Larabawa ne suka koma kwaikwayon kuɗin Ingila, kuma dalilin bai sauya ba.

Jirgi, mala'ika da karaga

A 1344 Sarki Edwad na Uku ya fitar da kuɗin zinariya mai suna nobul. An zana shi a tsaye cikin jirgin ruwa, takobi a dama, garkuwa a hagu, ya kusa fin jirgin girma. Shekara huɗu kafin nan jiragensa sun ragargaza na Faransa a teku, kuma yana da'awar cewa sarautar Faransa tasa ce, shi ya sa furannin gidan sarautar Faransa ke kan garkuwar. Talakan da bai iya karatu ba, da ganin kuɗin ya san abin da sarki ke faɗa.

A 1465 aka fitar da enjel, wato mala'ika, mai hoton Mala'ika Mika'ilu yana soke dodo da mashi. Wannan kuɗin ya shiga harkar neman waraka. Mutanen Ingila sun yi imani cewa in sarki ya taɓa mai ciwon kaluluwar wuya, wanda nau'in tarin fuka ne, zai warke. Sai majinyata su yi layi, sarki ya shafa su, a huda kuɗin a sa zare a rataya musu a wuya. An ci gaba da wannan shafa har zamanin Sarauniya An, wadda ta rasu a 1714.

Sunan sobarin kuwa ya fara ne a 1489. Henri na Bakwai ya ƙwaci sarauta da yaƙi a 1485, yana bukatar mutane su yarda ta zauna masa. Ya sa aka buga ƙaton kuɗi mai nauyin kimanin giram 15 da rabi, shi a zaune a kan karaga da sanda a hannu, a baya kuma babban furen wardi, alamar gidansa. Abin da tambari da algaita ke yi a ƙofar fada, shi hoto ke yi a jikin kuɗi: yana sanar da wanda ke da gari.

Giwar da ke ƙarƙashin wuyan sarki

A nan ne labarin ya iso yankinmu. A 1663, zamanin Cals na Biyu, aka fara buga wani kuɗi da mutane suka raɗa wa suna gini, saboda zinariyarsa daga gaɓar Afirka ta Yamma ta fito, yankin da Turawa ke kira Gini. A ƙarƙashin wuyan sarki, a wasu daga cikinsu, akwai 'yar ƙaramar giwa. Daga baya aka ɗora mata ganuwa a gadon baya. Tambarin kamfanin gidan sarauta ne mai fatauci a Afirka, wanda ƙanen sarki, Jemis, ke jagoranta.

Zinariyar Afirka ta Yamma ba baƙuwa ba ce a duniya. Ita ce ta Bambuk da Bure da ƙasar Akan, wadda raƙuma suka yi ɗaruruwan shekaru suna ƙetare Sahara da ita, wadda Mansa Musa ya bi da ita ta Masar zuwa Makka a 1324. Fataken Hausa da ke zuwa Gwanja sayen goro sun san garin zinariya, sun san awonsa da miskali. Da Turawan Fotugal suka gina sansanin Elmina a 1482, wani kaso na zinariyar ya juya ya bi teku.

Sai dai jiragen kamfanin mai tambarin giwa ba zinariya da hauren giwa kaɗai suke ɗauka ba. Kamfanin yana cikin waɗanda suka fi kowa jigilar bayi daga Afirka zuwa gonakin rake na tsibiran Amurka, har ana ɗana wa mutane ƙarfe mai zafi a yi musu lamba a jiki. Wanda ya ga 'yar giwar nan a hoto ya tuna akwai 'ya'yan mutane a bayanta.

Da farko gini sule 20 ne. Farashin zinariya ya riƙa hawa har ya taɓa kai sule 30. A 1717, lokacin da masanin lissafin nan Aizik Niyuton ke shugabantar gidan buga kuɗi, aka tsayar da shi a kan sule 21. An yi bugun ƙarshe a 1813 don biyan sojoji, sai sobarin mai doki ya gaje shi. Sunan dai bai mutu ba. Har yanzu a Ingila ana gwanjon dawakin sukuwa da lissafin gini, kuma kalmar junaihi da Larabawan Masar da Sudan ke kiran kuɗinsu da ita daga nan ta samo asali.

Ta ina ya shigo ƙasar Hausa?

Lokacin da Malam Yakubu, mai tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa Bauchi ya kewaye ta da ganuwa, da wuri ake ciniki, da tufafi, da kuɗin azurfa da ake kira Mariya Tariza. Da Turawa suka zo, kuɗin da suka zuba a kasuwa ƙananan ƙarafa ne da azurfa: anini da kwabo masu huda a tsakiya da tauraro mai tsini shida, sannan sule mai hoton bishiyar kwakwar manja, bayan an kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma a 1912. Fam ɗin zinariya bai zama kuɗin cefane a nan ba. Ko a Ingila ma ya bar hannun jama'a da aka fara Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1914, takarda ta maye gurbinsa.

Inda ya ci gaba da rayuwa shi ne ƙasashen Larabawa da Indiya, wuraren da mutane ba su sakankance da takarda ba. A 1933, da Sarki Abdul'aziz na Saudiyya ya ba kamfanin Standard Oil of California izinin neman mai, zinariya ya nema, aka kawo sobarin 35,000 aka ƙirga a Jidda. A 1950 Saudiyya ta buga nata junaihin zinariya daidai da nauyin sobarin, rubutu zalla, sannan a 1957 ta fitar da mai hoton dabino da takubba biyu. Bukatar mai doki ta yi yawa har maƙera a Italiya da Gabas ta Tsakiya suka shiga buga nasu, abin da ya sa Ingila ta koma bugawa a 1957.

Ta wannan hanya ya fi iso mu: a jakar alhazai da fatake daga Makka da Jidda, daga baya kuma Dubai. Ya dace da bukatar gidan Bahaushe. Ba ya ruɓa, ba ya cin wuri, gara ba ta cinsa, ana iya ƙulle shi a gefen zane. Naira kuwa, tun da ta zo a 1973, kowa ya ga yadda darajarta ta yi ta zaizayewa. Uwar da ta sai wa 'yarta sisin gwal ta san abin da take yi.

Na asali da na kwaikwayo

Iri uku ne ke yawo a kasuwa, kuma wajibi ne mai saye ya bambance su.

Na farko shi ne na asali, bugun gidan kuɗin Ingila ko rassansa: giram 7.99, karat 22. Ba a buga masa lambar karat a jiki.

Na biyu shi ne na maƙeran zinariya. Zinariya ce ta gaskiya, an zuba ta a siffar mai doki, galibi giram 8, sau da yawa karat 21. Akan ga an buga masa 21K ko 875, ko kuma 22K ko 916. Wannan ba jabu ba ne muddin an faɗa wa mai saye abin da yake saye. Amma akwai bambancin lissafi. Giram 8 na karat 21 tsantsarsa giram 7 ce, na asali kuwa 7.32. A ƙwaya goma bambancin ya haura giram uku na tsantsar zinariya, kuɗi ne mai yawa.

Na uku shi ne jabu: tagulla ko wani ƙarfe da aka yi wa ruwan gwal.

Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ga abin da za ku duba tun kafin a kai ga na'ura:

A ɗora shi a sikelin zinariya a gabanku. Wanda ya tsufa a hannu yana iya raguwa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, amma in ya sauka sosai akwai magana.

A auna faɗi da kauri tare da nauyi. Zinariya ta fi tagulla nauyi kusan ninki biyu, don haka jabun da ya cika nauyi sai ya yi kauri ko faɗi fiye da ƙima, wanda ya yi daidai a girma kuma sai ya yi sakayau.

A kusanto da maganaɗisu. Zinariya ba ta binsa. Amma rashin binsa bai isa shaida ba, domin tagulla ma ba ta binsa.

A dubi zanen da madubin ƙara girma. A na asali gashin wutsiyar dokin da tsagin bakin kuɗin a fayyace suke, layi-layi. Na zubi yakan yi dishi-dishi, da ƙananan ramuka kamar ƙuraje.

A gwada shekara da kan sarki. Kan Joji na Biyar da shekarar da ta gaza 1911 ƙarya ce. Kan Edwad na Bakwai da shekarar da ta wuce 1910 ƙarya ce. Duk na asali mai shekara daga 1918 zuwa 1924 sai da harafin reshe, domin Landan ba ta buga ba a waɗannan shekaru.

Bayan haka a nemi mai shago ya gwada shi da dutse da ruwan gwaji ko da na'ura, ya kuma rubuta nauyi da karat a rasit. Farashin gwal yana bin kasuwar duniya da canjin dala, kowa na iya dubawa a wayarsa a ranar. Wanda ya kawo muku a ƙasa da farashin ranar da nisa, ku tuna araha ba ta ado.

In kuma kun gaji tsoho daga kaka, kada ku goge shi da toka ko omo don ya yi ƙyalli, kada ku huda shi, kada a yi masa walda a mayar da shi abin wuya kafin wanda ya san tsofaffin kuɗi ya gani. Mafi yawansu darajarsu ita ce ta nauyinsu, amma akwai shekaru da rassa da ba a buga da yawa ba, masu tara kayan tarihi suna sayensu fiye da farashin gwal, kuma huda ɗaya tana zubar da wannan ƙari.

Sadaki da zakka

A mazhabar Malikiyya mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne. Dinarin shari'a ana ƙiyasta shi giram 4.25, ke nan rubu'insa ya ɗan haura giram ɗaya. Sobarin ɗaya ya ninka wannan kusan sau bakwai. Kada yawan jin "sisin gwal kaza" a aure-auren masu hali ya sa talaka ya ga kamar nasa sadakin bai cika ba.

Nisabin zakkar zinariya dinari 20 ne, kimanin giram 85. In da tsantsar zinariya aka yi lissafi, sobarin 12 sun kai giram 87.9, sun haura nisabi. In da nauyin ƙwayar gaba ɗaya aka yi, 11 ma sun kai. Wanda ajiyarsa ta kai nan, shekara ta zagayo, ana fitar da kashi ɗaya cikin 40. Mai 11 ko abin da ya yi kusa, da mai haɗa su da wasu sarƙoƙi ko kuɗin ajiya, ya tuntuɓi malami. Haka kuma musayar gwal da gwal tana da sharaɗi a shari'a: nauyi daidai da nauyi, hannu da hannu. Mai son canza tsoho da sabo ya yi tambaya kafin ya ƙulla ciniki.

Kira ga iyaye da waliyyai

Mafi yawan sarakunan da kawunansu ke jikin waɗannan kuɗaɗe sun wuce, daular da IND IMP ke shela ta watse. Abin da ya rage a tafin hannu shi ne nauyi da karat, kuma su ne haƙƙin amarya.

Saboda haka in za a ba da sadaki da sisin gwal, wakilan ango da na amarya su je wurin mai sikeli tare kafin ranar ɗaurin aure. A faɗi iri, a faɗi giram, a faɗi karat, shaidu su ji, a haɗa da rasit. Sannan a damƙa wa yarinyar kayanta a hannunta, a zaunar da ita a nuna mata dokin, da kan sarkin, da shekarar, da ɗan harafin da ke ƙarƙashin kofato. Ranar da bukata ta kai ta kasuwa, ta shiga tana sane da cewa na asali giram 7.99 ne, karat 22.